Yadda ake shirya 'yan wasa su fito a matsayin sojojin Bama a shirin tarihi

Kafin ka ɗinka riga ko guda, ka tsayar da abu uku: wace runduna, wane wuri, wane wata. "Yaƙin Bama" (wanda aka gwabza da Japan a ƙasar Bama, Myanmar ta yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu) ya yi faɗi da yawa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta shiga Arakan a ƙarshen shekarar, su biyun suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyin Najeriya na 6 da 7 da 12 da suka bi dakarun Chindit, wato sojojin Birtaniya na musamman masu kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944. Ka zaɓi ɗaya, ka nemo hotunanta masu kwanan wata, irin waɗanda gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan yake ajiye da su, ka buga su manya ka manna a ɗakin tela da ɗakin kwalliya. Duk gardamar da ta taso, hoton ne alƙali.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jar dara. Jar hula mai tuntu da jar falmaran da ɗamara kayan fareti ne, ba wanda ya shiga dajin Arakan da su. A fagen fama hular daji ce mai faɗin baki. Kakin kuwa da farko ruwan ƙasa ne, daga 1943 aka riƙa sauya shi da kore, shi ya sa watan yake da muhimmanci. Kaki mai dabbare-dabbare irin na sojan yau ba shi da wuri ko kaɗan. Alamar kafaɗa ma ta bambanta: ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa, ta 82 mashi biyu ne a gicciye kan gammo.

Yadin ya zama auduga zalla. Mai haɗin roba ƙyalli yake yi da zarar fitila ta haska shi, kuma ba ya shan gumi. In an gama ɗinki a wanke shi sau biyar ko shida, a shanya a rana ya koɗe, a goge gwiwa da gwiwar hannu da bakin aljihu da sanfefa, a jiƙa wuya da hammata da ruwan shayi mai kauri. Laka a shafa ta ƙarshe, daga ƙasa zuwa sama, domin taɓo ƙafa yake fara kamawa. Kada launin kayan ya zo ɗaya, na wani ya fi na wani koɗewa. Kowane ɗan wasa a yi masa kaya biyu masu tsufa iri ɗaya saboda maimaita ɗauka bayan an shiga ruwa.

Bindigar ita ce Lee-Enfield mai harsashi .303. Tana cin harsashi 10, ana ɗura su biyar-biyar ta sama, kuma bayan kowane harbi sai an ja sakata da hannu. Ɗan wasan da ya harba uku a jere bai taɓa sakata ba ya tona asirin shirin. Mai jigida ita ce Bren, gidan harsashinta lanƙwasasshe a samanta yake, mutum biyu ke aiki da ita. AK-47 da FN duk bayan yaƙin aka yi su. In za a harba harsashi marar kai, sai da izinin hukuma da ƙwararren mai kula da makamai a wurin, kuma ba a nuna wa mutum baki daga kusa, domin iskar da ke fita kaɗai tana kisa. Ga masu tsayawa a baya, bindigar katako mai nauyin kilo 4 ta wadatar. Marar nauyi sai ka ga ana lilo da ita kamar sandar kiwo.

Abin da shirye-shirye suka cika mantawa shi ne 'yan dako. Dubban sojojin rundunonin nan ba bindiga suke riƙewa ba, adda ce a ƙugu da kaya a ka: harsashi, abinci, gutsattsarin igwa da aka kwance. Jiragen Dakota ke jeho kayan da laima, su kuma su bi da su hanyar da mota ba ta shiga. Shirin da ya nuna kowa da bindiga ya share rabin labarin. Kuma a zuba yashi kilo 15 zuwa 20 a akwatunan. Wuyan mai ɗauke da akwatin da ba komai ba ya ƙagewa, takunsa ma daban ne, duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu zai gane.

Kan muƙami a yi hattara. Hafsoshi Turawa ne. Seth Anthony na Gwalkwas, Ghana ta yau, ya zama hafsa a 1942 kuma ya yi yaƙi a Bama, amma ɗan Najeriya bai samu wannan matsayi ba sai bayan yaƙin. Babba a cikin namu samanja ne. Umarnin fareti da Turanci, hira kuwa a bataliyoyin Arewa da Hausar bariki ake yi, kuma da yawa ba Hausawa ba ne, saboda haka kada kowa ya yi Kananci tsantsa. A ɗauki samari marasa teɓa, a yi musu ƙaramin aski, a karɓe agogon zamani da zobba.

Wurin ɗauka ya zama kurmi mai gora da rafuka da tuddai, kamar dazukan Kuros Riba ko Gashaka. Bishiyar kuka ɗaya a bayan fage ta maida Arakan Kano.

A wurin haɗa hoto, duk wajen da 'yan wasa suka fito a rubuta "an kwaikwaya" a kan allo, ya tsaya har a iya karantawa. Kada ka maida ɗaukarka baƙi da fari ka cusa ta tsakanin tsofaffin hotuna, domin gobe wani zai yanke ta ya yaɗa a Facebook a matsayin ta asali. Tsofaffin ma a tantance su: yawancinsu ba sauti aka ɗauke su, ƙarar harbin daga baya aka ɗora, wasu kuma shirya su aka yi a bayan fagen daga. Hoton sojojin Afirka ta Gabas, waɗanda su ma sun je Bama da runduna ta 11, ba ya tsaya wa na 81, sai ka duba alamar kafaɗa da lambar ajiyar fim ɗin kafin ka ɗora masa murya.