Yadda ake hukunta satar gida bayan gola ya ture ƙwallo ko ta bugi ɗan baya

Sababbin masu ɗaga tuta wuri ɗaya suke yawan tuntuɓe. Da an ɗirka ƙwallo zuwa raga, sai idonsu ya tafi da ita, su mance da ɗan gaban da ya laɓe bayan 'yan baya. Gola ya ture, ƙwallo ta faɗo a ƙafarsa, ya zura, tuta kuwa tana ƙasa. A doka ta 11 ta ƙwallon ƙafa, wato dokar satar gida, wannan ba ci ba ne.

Da farko, ka riƙe hoton fili a ranka daidai lokacin da abokin wasan ɗan gaban ya taɓa ƙwallo. Wa ya wuce ƙwallo, ya kuma wuce na biyun ƙarshe a 'yan hamayya? Na biyun ƙarshe fa, ko da gola a ciki ko babu. Ni nakan kira lambar rigarsa a zuci, kuma ban yarda da mai tutar da ba ya haka ba.

Sai ka duba yadda ƙwallon ta iso gare shi. In daga turke ta dawo, ko sandar sama, ko ta bugi alƙalin wasa, hoton farko na nan daram, satar gida ce. Haka in tarewa aka yi, wato an tsare ƙwallon da ke shirin shiga raga ko ta kusa da ita sosai. Ba gola kaɗai ke tarewa ba. Ɗan bayan da ya sa kai ya fitar da ita a kan layi shi ma tarewa ya yi, ko da ya yi da niyya.

Inda gizo ke saƙar shi ne taɓawar ɗan baya a tsakiyar wasa. In ya buga da gangan, hoton farko ya goge, ɗan gaba ya wanku. In ƙwallo ce kawai ta buge shi ta karkata, laifi na nan. A wasan ƙarshe na gasar Nations League a Milan, Oktoban 2021, Mbappé na Faransa yana satar gida lokacin da Theo Hernández ya turo masa ƙwallo. Eric García na Sifaniya ya miƙa ƙafa, ya ɗan shafe ta, aka ce ya buga da gangan, Faransa ta ci 2-1. An sha ce-ce-ku-ce, kuma a Yulin 2022 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta fitar da ƙarin bayani. Yanzu ana duba ko ƙwallon daga nesa ta taho yana kallonta, ko ba gudu take ba, ko ba ta zo masa a ba-zata ba, ko ya sami sukunin daidaita jikinsa. Ta ƙasa ta fi ta sama sauƙin sarrafawa, a sa wannan a lissafi. A ganina, miƙa ƙafa irin na García, na neman tsira, bai kai buga da gangan ba a wannan ma'aunin.

Kada dai ka tausaya wa ɗan bayan da ya ga ƙwallo tana gangarowa a hankali, ya gyara tsayuwa, ya sheƙa ta karkace zuwa ƙafar ɗan gaba. Rashin iya bugu ba ya mayar da ita karkata. Shi ya jawo wa kansa, a ci gaba da wasa.

Kwatanta da ƙwallon Benzema da aka soke a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2022 tsakanin Real Madrid da Liverpool. Valverde, abokin wasan Benzema a Madrid, ya taɓa, a cikin turmutsutsu ta bugi Fabinho na Liverpool ta nufi Benzema. Golan Liverpool Alisson ya riga ya fito, ɗan bayansu Robertson kaɗai ya rage tsakanin Benzema da layi, kuma aka ce Fabinho bai buga da gangan ba, don haka aka soke.

Kar ka yi gaggawar ɗaga tuta, jira ya taɓa ƙwallo ko ya tare wa wani hanya ko gani. Inda ake da VAR, na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, ma ana jinkirtawa har harin ya ƙare, amma ƙananan wasanni ba su da kuɗin wannan na'ura, idonka ne kawai. Bugun tazarar da za a bayar ba a cin sa kai tsaye, kuma a inda aka yi laifin ake ajiye ƙwallo. Wanda ya karɓa kai tsaye daga kwana, jifa ko bugun gola na bayan fitar ƙwallo waje ba shi da laifi.