Yadda Za A Saba Wa Yara Da Kayan Marmari Da Na Lambu Ta Hanyar Aikin Hannu

Wasu yaran da ke tsame alayyafo daga miya su ajiye a gefen kwano ba su taɓa riƙe shi ɗanye ba, kuma faɗa ba ya canza musu wannan hali. Abin da ya fi tasiri shi ne a bar su su taɓa, su shinshina, su yi wasa da kayan kafin a kai su tukunya. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro mai shekara 2 zuwa 5 ya riƙa cin aƙalla giram 250 na kayan marmari da na lambu a kullum, mai shekara 6 zuwa 9 kuma giram 350, adadin da ba a kai shi da tilas.

A fara da cefanen gida. Idan an dawo daga kasuwa, sai a zube kayan a faifai, a sa yaran su wanke su da ruwa mai tsabta, sannan su ware su bisa launi: tumatir da tattasai gefe ɗaya, karas da lemu gefe ɗaya, kubewa da gwaba gefe ɗaya. Attarugu kam a cire shi tun farko, domin hannun yaro ba ya jimawa bai kai ido ba. A bi abin da lokaci ya kawo, wato mangwaro da bazara, ɗanyar kubewa da damina, kuma kada a raina goruba da magarya da aduwa.

Aikin da ya fi riƙe hankalin yara shi ne na kubewa da zoɓo. Babba ne zai riƙe wuƙa, ya yanka kubewa a gicciye domin yaro ya ga ramukan da 'ya'yanta ke kwance a ciki, waɗanda suka yi siffar tauraro. Sai a jiƙa zoɓo a ruwan zafi kaɗan har ya yi kauri, a bari ya huce, yaro ya riƙa tsoma yankin kubewar yana dangwalawa a farar takarda. Rabin albasa kuwa zai fitar da zobba a jere. Bayan haka a raba sauran ruwan zoɓon a kofuna biyu, a matsa lemon tsami a ɗaya, a zuba ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu kuma zai rikiɗe ya yi duhu, saboda sinadarin da ke ba zoɓo launi yana sauyawa gwargwadon tsami ko kanwar da ya haɗu da ita. Kafin a zuba, ya kamata a tambayi yaron abin da yake tsammani zai faru, kuma kada a gaggauta ba shi amsa. Kofin kanwar na kallo ne kawai, a zubar da shi da zarar an gama.

Wajen ɗanɗano, a ɗaure wa yaro ido da ɗankwali, a ba shi yankin kankana ko gwanda ya faɗi sunansa. Ga ƙananan yara sai a cire ƙwallo da 'ya'ya tukuna saboda gudun shaƙewa.

Daga nan sai shuka. A huda gindin gwangwanin madara, a cika shi da ƙasa mai taki, yaro ya saka irin tumatir ko na kubewa da hannunsa, a kuma ɗora masa alhakin ban ruwa safe da yamma. Idan tsiron tumatirin ya yi ganye huɗu ko biyar, sai a dasa shi a buhu ko a gefen tsakar gida inda rana ke samunsa kuma awaki ba sa kaiwa.