Yadda ake sassauko da motar alfarma mai ƙafafun iska a Damagaram

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon jerin motocin biki a Zangon Damagaram ya san wadda ido ke fara sauka a kanta: motar da ta kwanta ƙasa, tayoyi sun cika gurbinsu dam. Matasa da yawa na son motarsu ta koma haka, kuma idan mai ƙafafun iska ce, abin yana yiwuwa ba tare da an yanke ko ƙarfe ɗaya ba. Sai dai ƙasarmu ƙasar rairayi ce da duwatsu da ramukan da damina ke bari. Shawarata tun farko ita ce ka sauke ta kaɗan, kuma ta hanyar da za ka iya mayar da ita yadda take.

Da farko ka tabbata motar taka iska ce ke ɗauke da ita. A irin wannan mota, kowace ƙafa tana da jakar roba mai kauri a maimakon sifirin ƙarfe, wadda makanikai ke ce wa balan. Akwai injin hura iska, da tankin ajiye ta, da na'urar auna tsayi kusa da taya wadda wani ɗan siririn sanda ya haɗa da ƙafar motar. Kwamfutar mota tana karanta abin da na'urar ta faɗa, sai ta ƙara iska ko ta rage. Range Rover ta fara amfani da wannan tsari a 1992, Mercedes kuma ta fito da nata mai suna Airmatic a 1998 a kan S-Class. Amma Lexus LX 570 da ke yawo a garin nan, ko da yake tana tashi tana sauka, da mai take aiki, ba da iska ba. Wasu Prado kuma ƙafafun baya kaɗai ke da balan. Masu waɗannan, aikinsu daban ne.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci: duba lafiyar ƙafafun. Yawancin motocin nan sun yi shekaru a Turai kafin su iso hannunmu. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana busar da roba har ta tsattsage, rairayi ya maƙale a inda balan ke naɗewa yana goga ta, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatar injin hura iska. Ka faka motar da yamma a kan daɓen siminti mai daidai, ka auna tsayinta, ka cire fis ɗin ƙafafun don kada ta gyara kanta cikin dare, da safe ka sake aunawa. Idan wata kusurwa ta durƙusa, akwai yoyo. Fesa ruwan sabulu a jikin balan da mahaɗar tiyo, inda kumfa ya tashi nan iska ke fita. Wata alamar ita ce ka ji injin hura iska yana ta kunnuwa a kai a kai. Na taɓa ganin wani yaro mai kirki ya sauke motar mahaifinsa alhali balan ɗin baya ya riga ya gaji. Sabon tsayin ya sa robar ta naɗe a daidai wurin da ta tsage, injin hura iska ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, motar ta yi makonni a gareji ana jiran kaya daga Kano. Abin ya dame ni, domin gwajin dare ɗaya da ya hana wannan asara.

Na uku, awo. Iskar tayoyi ta zama daidai, babu kaya a but, injin mota yana kunne, tsayi yana kan na kullum. Auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodi da ke samanta, a ƙafafu huɗu, ka rubuta a takarda da milimita. Ka adana takardar nan, ita za ta mayar da kai gida idan aiki ya rikice.

Kafin ka taɓa komai, gwada maɓallin da kamfani ya sa. Range Rover tana da tsayin shiga da fita, wanda ke sauke ta kimanin santimita 5, ta tashi da kanta idan ka ƙara gudu. Mercedes da Audi kuma suna sauke kansu kaɗan idan gudu ya yi yawa a kan babbar hanya. Idan abin da kake so shi ne motar ta yi kyau a ƙofar gida ranar salla ko wurin ɗaurin aure, wannan ya ishe ka, ba ka kashe ko dala ba.

Idan kana son ta zauna ƙasa kullum, hanya mafi tsabta ita ce ta kwamfutar bincike da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Mercedes tana da XENTRY, Audi da Volkswagen ana yi musu da VCDS, masu Range Rover da yawa suna amfani da IIDTool. Da farko a adana lambobin tsayi na asali da ke cikin kwamfutar motar. A motocin Audi da Volkswagen dabarar ita ce a shigar da awon da ya fi na gaskiya, misali a ƙara milimita 15 a kowace ƙafa, sai kwamfuta ta ɗauka motar ta yi sama da yawa, ta saki iska. A yi wannan batir yana da cikakken caji, ƙofofi a rufe, babu kowa a ciki. Ka zaɓi makanikin da ya taɓa yin irin motarka, kuma ka ce masa: «Maigida, don Allah rubuta mini lambobin farko kafin ka canza.»

Hanya ta biyu ita ce a musanya ɗan sandan na'urar auna tsayi da wanda ake iya tsawaitawa ko gajartawa. A nan akwai haɗari ga rai. Motar iska tana iya sauka da kanta ko injin yana kashe, don haka kada kowa ya shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai, sai an sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota, kuma an kashe tsarin iskar ko an sa shi a yanayin jak idan motar tana da shi. Cire sanda ɗaya, daidaita sabon da tsawon tsohon, sannan ka canza milimita biyu ko uku kawai, dama da hagu iri ɗaya. Ko tsawaitawa ce ke sauke motar ko gajartawa, ya danganta da yadda aka ɗaura na'urar, gwaji ne zai nuna maka. Sauke motar daga kan jak, zagaya unguwa, dawo kan daɓen nan, sake awo. Sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ta zauna daidai.

Nawa za a sauke? A ganina santimita 2 ya wadatar a nan. Idan ka wuce 3, ƙafa za ta riƙa bugun robar da ke tare ta idan ta kai ƙarshen lotsawa a kowane rami, laushin da ka sayi motar dominsa ya tafi, cikinta kuma ya fara gogar tudun rage gudu da duwatsun lungunan Birni. Wanda ke bin hanyar Tanut ko yake shiga ƙauyukan Magarya da damina, ya tsaya a 1 da rabi, kuma ya tabbata maɓallin ɗaga mota yana aiki.

Bayan an gama, a kai motar a saita ƙafa, domin saukarwa tana karkatar da taya ta riƙa cinyewa ta ciki. A duba fitilun gaba da dare a jikin bango, tunda a motoci da yawa na'urar auna tsayin nan ce ke gaya musu inda za su haska. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka saurara ko taya na taɓa bodi, sannan ka ɗauki mutum huɗu ka sake gwadawa. Bayan mako ɗaya ka sake awo, ka shafa gefen tayoyin na ciki da hannu. Idan ka ji ya fi na waje santsi, ɗaga motar da milimita 5 ka koma wurin saita ƙafa.