Yadda shugaban sashe (jagoran masu kayan kiɗa iri ɗaya) zai ja atisaye na minti 20 a ƙungiyar kiɗan makaranta

1. Ka riga kowa zuwa, ka jera kujeru rabin da'ira don kowa ya ji ɗan'uwansa.

2. Masu busa su ɗumama kayansu na minti 3. Abin busa mai sanyi sautinsa kan yi ƙasa, wato ya ɗan yi kauri. In an daidaita shi haka, yana ɗumama sai ya haura.

3. A daidaita kowa da sautin A (sautin da ake auna kayan kiɗa da shi), ɗaya bayan ɗaya.

4. Ɗauki gaɓa huɗu mafi wuya kawai a kiɗan da ake koyo. Sa mitironom (na'urar da ke ƙidaya bugun kiɗa) a bugu 60 a minti ɗaya, a yi sau uku ba tuntuɓe, sannan a riƙa ƙara 5.

5. Wanda ya kauce, ja shi gefe ka gyara masa. In ka kunyata shi a gaban jama'a, zai koma busa a tsorace.

6. Abin da ya gagara, rubuta da fensir ka kai wa malam.