Fushrod ya lanƙwashe? Tsaya tukuna kafin ka sayo sabo

Na gaji wallahi da ganin yara masu koyon gyaran janareto da injin ban-ruwa suna maimaita abu ɗaya. A buɗe murfin bawul a ga fushrod, wato siririn ƙarfen da ke tura bawul ya buɗe, ya lanƙwashe, sai a ruga kasuwa a sayo sabo a saka a ja igiya, kafin inji ya yi zafi ya sake lanƙwashewa, sai a ce ai kayan yanzu ne ba su da kyau. Ƙarfen nan ba ya lanƙwasa kansa. Kam, wato sandar nan mai tozo da ke juyawa a cikin inji, na turo shi daga ƙasa, in bawul ya ƙi motsi a sama to dole na tsakiya ya ji jiki.

Ni kafin in taɓa komai sai na cire roka, wato ƙarfen da ke tsakanin fushrod da kan bawul, na danna kowane bawul da babban yatsa. Lafiyayye zai nutse ya dawo da kansa. In ya cije, ko ya dawo a hankali, ga mai laifin nan. Galibi tsohon fetur ne, manomi ya gama noman rani ya jingine inji da mai a ciki har damina ta wuce, man ya zama danƙo ya riƙe sandar bawul. Ciro bawul ɗin za ka yi ka wanke, za ka ga baƙin danƙon yana kama yatsa.

Sai gayid, wato ɗan bututun da sandar bawul ke kai-komo a cikinsa, wanda shi ne ya taɓa sa na biya wa kwastoma tof, wato kan inji, sukutum daga aljihuna, saboda wani yarona ya canza fushrod bai leƙa cikin sifirin ɗin bawul ba. In inji ya yi zafi sosai tof ɗin alminiyom na sakin gayid ya zamo sama, sai ya tokare bawul ba zai gama buɗewa ba. Haba jama'a, tocila kawai za ka haska ka kwatanta tsayin gayid biyun! Kuma ka cire murfin fanka, ƙura da sheƙar ɓera da suka toshe iska su ne suka jawo zafin.

Masu setin bawul da ido kuma Allah ya shirye ku. A tsohon samfurin injin Honda GX160 da ire-irensa, tazarar da ake bari tsakanin roka da bawul 0.15mm ce a na shan mai, 0.20mm a na salansa, inji a sanyaye, fistin a sama lokacin da bawul biyun ke rufe. Fila geji, abin auna wannan tazarar, nawa take?

Kada ka matsa gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, don mai inji ya ce yana son ƙarfi. In ka buɗe ƙasan inji ka tabbata alamar taimin ta kam da ta karanshaf sun haɗu. Ka tabbata gindin fushrod ya zauna a kan tafet, wato ɗan ƙarfen da ke tsakaninsa da kam, kafin ka ɗaure roka.

Masu miƙe fushrod da guduma kuwa, ni a shagona ba a yi. Ina mirgina shi kan gilashi, in ya yi ɗingishi ko kaɗan sai kwandon gwangwan.