Igiya mai ƙulli 13 da kwaɓin farar ƙasa

Siminti ne ya koya mini hankali. Na shafe tsohuwar katangar gidanmu ta ƙasa da shi, damina biyu kacal ya ɓamɓaro, ya taho da rabin bangon. Ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita. Tun daga lokacin nake bibiyar aikin Gedelon, a wani daji na yankin Burgundi a Faransa, inda tun 1997 ake gina fadar dutse mai ganuwa da dabarun ƙarni na 13. Wani Bafaranshe mai suna Michel Guyot ne ya kawo shawarar, aka zaɓi tsohon wurin fasa dutse, ga itace ga yashi ga ruwa a kusa.

In za ka gwada irin aikinsu, fara da igiya. Yi mata ƙulli 13, tazararsu daidai wa daida, ka sami gaɓa 12. Haɗa ƙullin farko da na ƙarshe, ka kafa turaku uku ta yadda gefe ɗaya zai ɗauki gaɓa 3, ɗaya 4, ɗaya 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4, ita ce sukwayarka, wato daidaitacciyar kusurwar da za ka fitar da kwanar bango da ita. Ja igiyar ta miƙe sosai fa, in ta yi sako-sako bango ya karkace tun daga tushe.

Sai kwaɓi, nan aikin yake. Ana ƙona dutsen farar ƙasa har ya toye, sannan a jiƙa shi. Tafasa yake kamar tukunya a kan murhu, don haka kare idonka da hannunka, yana cin fata. Bar shi ya kwanta a rami makonni, sannan ka haɗa kwano ɗaya da yashi kamar kwano uku. Ba ya kamawa da wuri, a hankali yake shan iska yana ƙarfi, kuma yana barin damshi ya fita. Abin da simintina ya kasa ke nan.

Bangon fuska biyu ne, a jera gyararrun duwatsu ciki da waje, a cika tsakiya da ɓaraguzai da kwaɓi. Kada ka yi gaggawar hawa sama, ɗanyen kwaɓi ba ya ɗaukar nauyi. Su can a Gedelon hunturu na shigowa suke dakatar da gini, don ƙanƙara na lalata ɗanyen kwaɓi.

Ɗaga dutse kuwa, ƙaton gargare na katako suke da shi. Mutum ya shiga ciki yana takawa, igiya na naɗewa, dutse na hawa. Wannan kam ban gwada ba, katangata ba ta kai kamu shida ba.