Ku sayi ƙofar kafin magini ya yi filasta

'Yan uwa masu gyaran gida a Legas, ku sayi ƙofar gaba tare da firam ɗinta kafin magini ya yi filasta.

Yawancin ƙofofin ƙarfe 'yan Turkiyya da ake sayarwa a kasuwar kayan gini ta Orile Coker suna zuwa ne da awonsu, faɗin ƙafa 3 ko 4, tsawon ƙafa 7, kuma ba sa raguwa kamar na katako.

Ni da na bar tawa sai ƙarshe, sai da aka farfasa sabon bango, aka kuma ɓamɓare tayil biyu domin gindin ƙofar yana gogar ƙasa. Saboda haka ku auna daga inda saman tayil zai tsaya.

Amma idan tsohon gida ne wanda lintarsa, wato kankaren da ke saman ƙofa, ta yi ƙasa, wannan dabarar ba za ta fisshe ku ba, gara mai walda ya ƙera muku daidai wurin.